Yadda ake wanke tawul ɗin goge mota ba tare da an kashe shi ba

Tambaya: Wani mai sana'ar wankin mota da goge fenti ya ce tawul-tawul ɗinsa na maikurofaiba suna da laushi da shan ruwa lokacin da suke sababbi, amma bayan wanki kaɗan sai su yi tauri, su daina tsotse ruwa, su riƙa barin dabbare-dabbare a gilashi, har ya fara ganin siraran zane a jikin baƙaƙen motoci. Yana wanke su ne da sabulun gari tare da sauran tsummokaran wurin aiki, wani lokaci kuma ya zuba ruwan tausasa tufafi don laushinsu ya dawo. Yana neman sanin inda matsalar take, da kuma ko akwai hanyar farfaɗo da waɗanda suka riga suka lalace.

Amsa: Malam, abubuwa ukun da ka ambata, wato haɗa su da sauran tsummokara, da sabulun gari, da ruwan tausasa tufafi, kowannensu shi kaɗai ya isa ya rage wa tawul inganci, balle a ce sun taru a bokiti ɗaya. Sai dai kafin mu zo kan gyara, ya kamata a fahimci irin yadin da ake magana a kansa, domin duk ƙa'idojin wankinsa daga yadda aka ƙera zarensa suka samo asali.

Ana kiran zare maikurofaiba ne idan sirantarsa ta kai a ce tsawon mita 9,000 nasa bai kai nauyin giram 1 ba, abin da a aikace yake nufin kaurin da bai wuce maikuron 10 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kan mutum yakan kai maikuron 50 zuwa 100. Masana'antun yadi na Japan ne suka fara samar da irin wannan zare a wajajen 1970, daga baya aka gano amfaninsa wajen goge-goge. Tawul ɗin mota galibi haɗin zaren roba iri biyu ne, foliyesta da nailan, kashi 80 da kashi 20, ko kuma 70 da 30, kuma a masana'anta ana tsattsaga kowane sili a tsaye har ya rabu zuwa ƙananan tsinkaye masu kusurwa, da 'yan ramuka a tsakaninsu. Foliyesta ba ya shiri da ruwa amma yana manne wa maiƙo, nailan shi ke taimakawa wajen shan ruwa, waɗannan ramuka kuwa su ne suke zuƙe laima su kuma ɓoye ƙura a cikinsu maimakon su yi ta tura ta gaba kamar yadda tsumman auduga yake yi. An ƙera wannan yadi ne don ya kama abu ya ƙi saki. Wannan hali shi ne amfaninsa a jikin mota, shi ne kuma wahalarsa a wurin wanki, domin bai san bambancin ƙurar da ka sa shi ya ɗauka da burbuɗin auduga ko ragowar sabulun da ya tarar a cikin ruwa ba. Duk abin da ya haɗu da shi sai ya riƙe, ya kai shi jikin motar da za ka goga gobe.

Ga kuma abin da ake gogawa. Shimfiɗar kiliya, wato fenti marar launi da ke saman fentin motocin zamani, ba ta cika wuce maikuron 50 ba, wato ba ta ma kai kaurin gashi mai kauri ba, kuma ita ce ke ba mota sheƙi. Ƙwayar yashi kuwa mafi yawanta ma'adinin kwaz ne, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, ya fi gilashi tauri, balle fenti. Saboda haka zanen da kake gani a baƙaƙen motoci, mai kama da yanar gizo-gizo idan rana ta haska shi, da wuya ya zama zaren tawul ne ya yi shi. Abin da tawul ɗin ya ɗauko ne: yashi, ko burbuɗin ƙarfe, ko busasshen folish, wato man goge fenti, da ya daskare. Fararen motoci ma suna samun wannan zane daidai da baƙaƙe, launinsu ne kawai yake rufa musu asiri.

Da a ce abu ɗaya kawai za ka canza a wurin aikinka, da na ce ka fara da rarraba tawul, tun kafin ka canza sabulu. Tawul ɗin da ke taɓa fenti daban, na gilashi daban, na cikin mota daban, na wili da taya da cikin inji da gefen ƙofofi daban, kuma wannan rarrabuwa ba ta tsaya ga lokacin aiki ba, ta haɗa da kwandon da ake jefa su bayan aiki, da ruwan da ake jiƙa su, da zagayen wankin da suke shiga, da inda ake adana su. Hanya mafi sauƙi ita ce a ware wa kowane aiki launinsa, ta yadda ko sabon yaron da ya fara aiki jiya ba zai ɗauki na taya ya nufi bonet da shi ba. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Baƙar ƙurar da ke manne wa wili burbuɗin ƙarfe ne da ke fitowa daga gogayyar birki, kuma wanki ba ya fitar da shi duka daga cikin zare, wanda ya fita ɗin ma yana yawo ne a cikin ruwa yana neman wani tawul ɗin da zai maƙale wa. Man da ake shafa wa taya da dashbod don su yi ƙyalli yawanci yana ɗauke da silikon, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa idan ya ratsa tawul ɗin gilashi, to duk gogar da za ka yi sai ta bar hazo-hazo, musamman da dare idan fitilar motar da ke tahowa ta haska gilashin gaba. Masu kukan cewa ruwan wanke gilashinsu ba shi da kyau, sau da yawa laifin yana wuyan tawul ne.

Ko a cikin na fenti akwai rabuwar da mutane suke mantawa da ita, wato tsakanin tawul ɗin busar da mota da na goge kaki da man kariya. Kakin mota da sauran man kariyar fenti an yi su ne don su kori ruwa, saboda haka idan ka wanke tawul ɗin da ya sha su tare da babban tawul ɗin busarwa, ka shafa wa abin da aikinsa shan ruwa ne maganin ƙin ruwa. Haka ma idan kana fesa irin wannan mai a jikin mota tana jiƙe sannan ka bi da tawul ɗin busarwa, ka sani cewa zai bukaci wanki mai kyau a ranar, ba sai ya kwana ba.

Wata ƙa'ida da nake ganin ba ta da sassauci ita ce, tawul yana sauka daga muƙami amma ba ya hawa. Na fenti idan ya tsufa ya koma na cikin mota, daga nan ya koma na gefen ƙofa, daga nan wili, daga nan inji, daga nan shara. Wanda ya taɓa goge wili kuwa, ko an wanke shi ya yi fes a ido, ba ya komawa kan fenti. Wanda ya faɗi ƙasa ana tsakiyar aiki an gama da shi a wannan ranar, ba a kakkaɓe shi a ci gaba, idan kuma a kan yashi ko tsakuwa ya faɗi yana jiƙe, gara a sauke shi gaba ɗaya, domin kuɗin tawul bai kai wahalar sake goge bonet da injin goge fenti ba.

Wanki na gaskiya yana farawa ne tun ana kan aiki. Tawul mai santimita 40 a kowane gefe idan aka ninka shi sau biyu yana ba da fuska 8, a yi amfani da kowace fuska har ta ɗauki datti sannan a juya, idan sun ƙare a ajiye a ɗauki wani. Wanda ke dunƙule tawul a hannu yana cusa datti ne can cikin zare, inda fitar da shi ke da wuya. Da zarar an gama da tawul ɗin da ya goge folish ko kaki, a jefa shi cikin bokiti mai ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa, domin folish ƙananan ƙwayoyin gurza ne a cikin mai, kuma idan ya bushe a jikin yadi yakan dunƙule ya yi tauri ya manne silillan wuri guda. Amma jiƙon na 'yan sa'o'i ne ko kwana ɗaya, ba na mako ba, don idan ya daɗe ruwan yakan yi wari, tawul kuma ya ɗauka. Kafin kowane tawul ya shiga wanki a buɗe shi a gaban haske, a kakkaɓe, a bi shi da tafin hannu, a tsince ƙaya da 'ya'yan ciyawa da guntun ganye da duk wani abu mai tauri. Injin wanki ba ya cire irin waɗannan, ƙara cusa su ma yake yi.

Sai batun sabulu. Abin da ake bukata shi ne sabulun ruwa na wanki wanda ba a haɗa shi da komai ba: babu matausashi, babu bilic, kuma gwargwadon iko babu turare mai yawa. Sabulun gari yana wanke tufafi da kyau, amma a cikinsa akwai sinadaran da ba sa narkewa sosai, musamman a ruwan sanyi, wasu ma ba sa narkewa ko kaɗan, ɗauraya ce ke fitar da su. Rigar auduga takan saki wannan gari cikin sauƙi, maikurofaiba kuwa riƙe shi yake yi, shi ya sa za ka ga tawul ya bushe ya yi ƙaiƙayi a hannu, idan ka kaɗa shi kuma wata farar ƙura ta tashi. Idan babu yadda za a yi sai da na garin, a dama shi a ruwan zafi daban har ya narke, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na saman a yi amfani da shi, sannan a ƙara yawan ɗauraya. Sabulun sanda ya fi na gari matsala, domin daga kitse ko man tsirrai ake yin sa, kuma idan ya haɗu da ruwa mai yawan kalsiyam da maganiziyam, irin ruwan da sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa, yakan zama wani farin datti mai danƙo da ke liƙe wa yadi ya toshe ramukan zare.

Ana sayar da sabulun da aka yi musamman don maikurofaiba, kuma ba zan ce ba shi da amfani ba, domin yana narkar da kaki da folish fiye da na tufafi, yana kuma fita da sauƙi a ɗauraya. Amma ban ɗauke shi a matsayin sharaɗi ba. Wanda ya rarraba tawul ɗinsa, ya jiƙa su da wuri, ya wanke da sabulun ruwa na yau da kullum, ya fi wanda ya sayi na musamman ya zuba a kan tarin tsummokaran da aka cakuɗa. Abin da ya fi nau'in sabulu muhimmanci shi ne adadin da ake zubawa. Mutane suna auna tsabta da kumfa, alhali duk sabulun da ya wuce bukata zama yake yi a cikin tawul, ya fito daga baya a matsayin dabbare a gilashi. Rabin abin da za ka zuba wa tufafi masu wannan yawan yakan wadatar, idan kuma dattin ya yi yawa, wanki biyu da sabulu kaɗan ya fi wanki ɗaya da sabulu mai yawa. Tawul ɗin da ya sha maiƙo sosai ana iya fara murza shi a hannu da sabulun wanke kwanuka, a ɗauraye, sannan ya shiga wanki, amma kada a zuba na kwanukan a cikin inji, kumfarsa ta fi ƙarfin injin.

Ruwan tausasa tufafi da kake zubawa shi ne babban abin da ya kashe shan ruwan tawul ɗinka. Yadda yake aiki shi ne, yana lulluɓe kowane silin zare da wani siririn maiƙo mai santsi wanda aka tsara don kada ɗauraya ta fitar da shi, laushin da hannu ke ji kuwa santsin wannan maiƙon ne. A jikin maikurofaiba yana cike ramukan da ke zuƙar ruwa, ya dusashe kusurwoyin da ke kankare datti, sannan ya riƙa sauka a jikin gilashi da fenti a duk lokacin da aka goga. Ka ga an yi tufka da warwara ke nan: tawul ya yi tauri saboda ragowar sabulu, an ƙara masa wani abin da ya fi sabulun wuyar fita. A lura kuma cewa wasu sabulan ruwa an riga an haɗa su da matausashi tun daga masana'anta, don haka a karanta jikin roba kafin a saya, kuma 'yan ƙyallayen ƙamshi da ake jefawa cikin injin busarwa su ma irin wannan aikin suke yi.

Bilic mai kulorin yana cin nailan, ya sa zaren ya yi rauni ya riƙa karyewa, tawul ya fara zubar da gashi a jikin mota, don haka ba shi da wuri a nan ko da tabo ya ƙi fita. Tabo a jikin tawul ba aibi ba ne muddin babu tauri a wurin, domin folish da baƙin roba sukan rina yadi har abada ba tare da sun hana shi aiki ba. Abin da ke da amfani shi ne farin khal, wato ruwan tsami na binega, wanda yawanci kashi 5 cikin 100 nasa asid ne mai sauƙi. Kamar rabin kofi a ruwan ɗaurayar ƙarshe yana taimakawa wajen narkar da ragowar sabulu da gishirin ruwa, kuma warinsa yana tafiya idan tawul ya bushe. A ɗauraya ake zuba shi, ba tare da sabulu ba, don idan sun haɗu kowanne yana rage wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ba kuma kowane wanki yake bukatarsa ba, lokaci-lokaci ya isa. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada khal ya taɓa haɗuwa da bilic, haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Game da zafi, akwai maganar da ta yaɗu cewa ruwan zafi yana narkar da maikurofaiba, har wasu suka koma wanki da ruwan sanyi zalla, abin da ya sa kaki da maiƙo suke taruwa a tawul ɗinsu wanki bayan wanki. Foliyesta ba ya narkewa sai a wajajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyas, nailan kuma sama da 200, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne, tun kafin a je kusa da narkewa, daga wajajen digiri 70 zuwa 80 foliyesta yakan fara sakin jiki, kuma silin da sirantarsa ta kai haka idan ya lanƙwashe ko ya takure da zafi ba ya komawa yadda yake. Saboda haka digiri 30 zuwa 40 ya dace da wankin kullum, waɗanda suka sha kaki da maiƙo kuma ana iya kai su 60 idan takardar jikin tawul ba ta hana ba. Hatsarin gaske yana wajen busasshen zafi, wato injin busarwa da aka ƙure, da dutsen guga, da ajiye tawul a kan injin mota mai zafi ko kusa da salansa. Tawul ɗin da irin wannan zafi ya taɓa za ka ji bakin gashinsa ya yi kaushi, kuma babu wankin da ke gyara shi.

Mai amfani da injin wanki ya tabbatar babu ko safa ɗaya ta auduga a ciki, ya goge cikin gangar da robar bakin ƙofa inda burbuɗin wankin baya yake taruwa, ya kuma duba aljihun da ake zuba matausashi, don ragowar da ke ciki takan sauka ko ba a ƙara ba. Kada a cika injin ya wuce rabi ko sama da haka kaɗan, domin waɗannan tawul suna shan ruwa mai yawa kuma suna bukatar sarari su juya, sannan a zaɓi ƙarin ɗauraya. Idan inji ɗaya ne, a fara da na gilashi, sai na busarwa, sai na folish da kaki, sai na cikin mota. Na wili da inji kuwa ni na fi son a wanke su a bokitinsu daban, kada su shiga injin wanki sam.

Wankin hannu yana yi sarai, har ma ya fi ba mutum damar duba kowane tawul, sai dai a bar al'adar wankin tufafi a gefe. Ba a sa buroshi, ba a buga shi a kan dutse ko siminti, ba a ajiye shi a ƙasa ko na ɗan lokaci. A jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu na kamar minti 20 zuwa 30, a riƙa matsa shi da sakinsa a cikin ruwan yadda ruwa zai ratsa zaren ya fito da datti, a murza wurin da ya fi datti a jikin kansa a hankali. Yashi nitsewa yake yi, don haka a ɗaga tawul daga cikin bokiti kafin a zubar da ruwan, kada a tsiyaye ruwan ta kansa, a kuma wanke gindin bokitin kafin a sake cika shi. Ɗauraya ita ce rabin aikin, kuma a nan masu wankin hannu suka fi gazawa: a yi ta canza ruwa har sai an matse tawul an ga ruwan ya fito garau babu kumfa babu santsi. A matse shi da tafin hannu, kada a murɗa shi da ƙarfi har ɗinkin bakinsa ya saki. Ruwan wankin na wili da inji yana ɗauke da baƙin mai da burbuɗin ƙarfe, bai kamata a kwarara shi inda zai gangara rafi ko kusa da rijiya ba.

Wajen busarwa, shanya a inuwa ta fi komai aminci, da sharaɗin wurin ba shi da ƙura, domin jiƙaƙƙen tawul da aka rataye a waje ranar da iska ke kaɗawa zai dawo da yashin da aka sha wahalar fitarwa. Ɗaki mai iska da igiya mai tsabta ya fi fili, kuma zafin rana na yau da gobe yana raunana nailan. Ba a shanya a kan katanga, ko ciyawa, ko jikin wata mota. Tawul ɗin da ya bushe a igiya yakan ɗan sandare, wannan ba lalacewa ba ce, kaɗa shi da ƙarfi sau biyu ko uku yana tayar da gashinsa. Mai injin busarwa ya sa shi a mafi ƙarancin zafi ko a iska zalla, ya share matatar burbuɗi kafin ya fara, ya kuma cire su da zarar sun bushe, tunda foliyesta ba ya riƙe ruwa a cikin silinsa kamar auduga kuma yana saurin bushewa. Tawul ɗin da ya taɓa fetur, ko kananzir, ko tina mai narkar da fenti, ko maganin cire kwalta, kada ya shiga injin busarwa ko bayan an wanke shi, kada kuma a tara irinsu a dunƙule a rufaffen wuri mai zafi, saboda gobara.

Akwai rukuni ɗaya da ba na ba da shawarar a wahalar da kai wajen ceto shi, wato tawul ɗin da aka goge rufin siramik da shi, wani ruwan kariya da ake shafa wa fenti. Wannan ruwa yana daskarewa ne idan ya haɗu da laimar iska, ya zama siririn ɓawo mai tauri, kuma kamar yadda yake daskarewa a jikin fenti haka yake yi a cikin zare cikin 'yan sa'o'i. Idan an tsoma shi a ruwan sabulu nan take bayan aiki, ana iya samun tawul ɗin goge wili ko gefen ƙofa daga gare shi. Komawarsa kan fenti kuwa kasada ce da ba ta da riba, shi ya sa masu wannan aiki suke ware masa tawul marasa tsada tun farko.

Sabon tawul ma sai an wanke shi kafin ya fara aiki, domin yana zuwa da burbuɗin masana'anta da ƙurar ajiya, kuma masu launi mai duhu, musamman ja da baƙi, sukan zubar da rini a wankin farko, don haka a wanke su daban. A karanta ƙyallen lambar da ke gefensa sannan a cire shi tun daga tushe, domin shi da zaren ɗinkin baki mai tauri suna iya yin zane. Bayan wanki da bushewa sarai, a ninke su a sa a roba mai murfi ko kabad da ke rufuwa, kowane rukuni a mazauninsa, nesa da inda ake gurza ƙarfe ko goge fenti da inji. Wanda aka rufe da sauran laima zai yi funfuna da wari.

Waɗanda kake da su yanzu kuwa, ka fara da tantance su. Duk wanda ka san an wanke shi tare da tsumman inji ko na wili, ko ka ji kaushi a bakin gashinsa, ka sauke shi zuwa ƙananan ayyuka ba tare da wani gwaji ba. Sauran, waɗanda matsalarsu toshewa ce da sabulu da matausashi, ka jiƙa su dare ɗaya a ruwan ɗumi da sabulun ruwa, ka wanke a digiri 60, ka ɗauraye da khal, ka sake ɗaurayewa da ruwa zalla, kuma kada ka yi mamaki idan sai an maimaita sau biyu ko uku kafin maiƙon ya saki. Wasu suna tafasa su a tukunya, ni ban goyi bayan haka ba, domin yadin da ya kwanta a gindin tukunya yana samun zafin da ya wuce na ruwan. Idan sun bushe ka zuba ɗan ruwa a kan tebur mai santsi ka ɗora tawul a kai: mai lafiya zai shanye shi nan take, wanda ya toshe kuwa tura ruwan zai yi gaba. Sannan ka sami tsohon faifan CD wanda bayansa ba shi da zane, ka goga tawul ɗin a kai da ɗan ƙarfi, ka duba a gaban fitila. Wanda ya sha ruwa kuma bai bar zane a faifan ba ya koma kan fenti, wanda ya ci gwajin ruwa ya faɗi na faifai ya tafi cikin mota ko gefen ƙofa, wanda ya faɗi duka biyun kuma ya koma wajen taya da inji.